Wasiƙar Argungu: Rabon Intanet Tsakanin Mutanen Gida Ɗaya

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni ɗan filin da ka saba ba ni a wannan shafi, in amsa wa wani malamin makaranta na Birnin Kebbi tambayar da ya aiko mini. Ya ce shi da ƙannensa biyu da iyalansu gida ɗaya suke zaune. Suka haɗa kuɗi suka sayi na'urar nan mai raba intanet, wadda samari ke kira rauta, suka sa mata layi guda, ko wane wata kowa ya kawo kasonsa a sayi data. Da fari abin ya yi daɗi, amma yanzu ba a kwana uku ba a yi cacar baki ba. In ya zauna da dare zai aika da sakamakon jarrabawar ɗalibansa sai abin ya tsaya cik, alhali kuwa ga alamar sabis a cike, ga data ba ta ƙare ba. Ya ce, "Malam, kamfani ne ke cutarmu, ko na'urar ce jabu, ko kuwa wani ne a maƙwabta ya sace mana lambar sirri?"

To, malam, kafin in ba ka amsa bari in tona asirin kaina, gama abin da ya same ka ya riga ya same ni, har na yi abin kunya a kansa.

Bara, bayan girbin shinkafa, muka yi biki a gidanmu nan Argungu. Baƙi suka cika gida, waɗansu daga Sakkwato, waɗansu daga Kamba, har da na Dosso ta ƙasar Nijar. Duk wanda ya ce a ba shi lambar sirrin rauta sai a ba shi, don ba a hana baƙo ruwa. Ashe a daren nan ne wa'adin wata makaranta ke cika, wadda 'yar ƙanena ke neman shiga, an ce duk wanda bai ɗora takardunsa ba kafin sha biyun dare an rufe da shi. Tun bayan sallar isha'i yarinyar nan take fama. Takarda ta kai rabi ta faɗo, ta sake, ta kai rabi ta faɗo. Can wajen sha ɗaya ta zo mini da hawaye, ta ce, "Baba, ya ƙi tafiya." Na fita waje raina a ɓace, sai na hangi yaron maƙwabcinmu zaune a dakalin da ke jikin katangarmu, hasken waya a fuskarsa. Ban tsaya bincike ba, na ce masa a gaban mutane, "Kai yaro, ashe kai ne ke shanye mana data?" Ya ce, "Wallahi Baba, ban ma san lambarku ba." Ban saurare shi ba.

Allah ya sa cikin baƙi akwai wani ɗan'uwanmu mai koyar da kwamfuta. Ya karɓi wayata, ya buɗe shafin da ake sarrafa rauta, ya nuna mini jerin wayoyin da ke kanta. Guda 19 ne, duk na mutanen gida da baƙinmu, ba ta yaron nan a ciki. Rabinsu kuwa bidiyon kamun amarya suke aika wa dangi. Ya tsinke su gaba ɗaya, ya bar kwamfutar yarinyar ita kaɗai, ba a yi minti biyu ba takardu suka tafi. Da asuba, bayan an sallame, na tari uban yaron a ƙofar masallaci na ba shi haƙuri, na ce a kira mini yaron shi ma in roƙe shi. Sun yafe, amma ni har yau in na wuce dakalin nan sai na ji nauyi.

Tun daga ranar na ƙudurta sai na san dalilin abin, na yi ta tambaya da karatu. Abin da na fahimta shi ne, intanet hanya biyu gare ta, ta zuwa da ta komawa, kuma ba faɗinsu ɗaya ba. Mai sayarwa ta zuwa yake yi maka talla, ta komawa kuwa ita ce ke fara cushewa in mutane sun yi yawa. Don a gane wannan sosai, ya kamata in ba da labarin wata na'ura da aka yi yayi a Amurka, wadda a jikinta wannan aibi ya fi fitowa fili.

A wajen 1948 mutanen waɗansu garuruwan Amurka da ke bayan duwatsu ba su iya kama talabijin. Sai masu dabara suka kafa doguwar eriya bisa dutse, suka jawo waya mai kauri daga can zuwa cikin gari, suka yi mata rassa gida gida, kowa yana biya a wata. Da yake sigina tana raunana in waya ta yi tsawo, sai aka riƙa dasa 'yan akwatuna a kan hanya masu ƙara mata ƙarfi. Akwatunan nan kuwa fuska ɗaya suke kallo, watau daga kamfani zuwa gidaje, domin a lokacin ba wanda ya yi tsammanin mai kallo zai sami abin da zai mayar. Da intanet ta bazu a shekarun 1990, sai kamfanonin suka ga ashe dukiya ce shimfiɗe a ƙarƙashin titi, gama gurbin tashar talabijin guda yana iya ɗaukar megabit 27 ko fiye a sakan ɗaya. Amma intanet ba ta yiwuwa sai da tambaya da amsa, sauya akwatunan nan duka su zama masu fuska biyu kuwa kuɗi ne mai yawa, aiki ne na shekaru. Sabo da haka waɗansu kamfanoni suka yi dabarar wucin gadi. Suka ce abin da zai zo maka ya biyo wayar talabijin, abin da za ka aika kuwa ya bi wayar tarho ta gidanka. Wannan shi ne modem mai hanya ɗaya. Har a cikin ƙa'idar da kamfanonin suka yi ittifaƙi a kanta a 1997, mai suna DOCSIS, an tanadi wannan komawa ta tarho. Masu kawo intanet ta tauraron ɗan Adam ma sun yi irin haka a shekarun nan, saƙo ya sauko ta faranti, amsa ta koma ta tarho.

Wayar tarho kuwa iyakar abin da take iya fitarwa kilobit 33.6 ne a sakan, watau kamar harafi 4,200. Ga kogi yana shigowa gida, ga 'yar magudana ta fita.

Mai kwamfuta ɗaya bai sha wuya ƙwarai ba, sai dai in yana kan intanet ba mai samunsa a tarho. Wuya ta faɗa kan mai kwamfuta biyu ko uku, wanda ke so shi da matarsa da 'ya'yansa su yi tarayya a hanya guda. Rautar da ake sayarwa a kasuwa ƙofar waje ɗaya gare ta, an gina ta a kan cewa inda saƙo ya fita nan amsa za ta shigo. Shi kuwa wannan ƙofofinsa na waje biyu ne. Waɗanda aka haɗa musu tarho a cikin akwatin modem ɗin sun sami sauƙi, amma da yawa dole suka ware kwamfuta guda ta zama mai tsaron zaure, baki ɗaya ga wayar talabijin, ɗaya ga tarho, na uku ga sauran kwamfutocin gida. Ba a kashe ta, in an kashe ta gida duka ya yi duhu. In tarho ya katse, ko da wayar talabijin lafiya lau take, kome ya tsaya. A 1999 kamfanin Microsoft ya fitar da bugu na biyu na Windows 98, ya sa masa hanyar raba intanet a gida, amma ita ma da ƙofa ɗaya ta saba. Sabo da haka masu hanya ɗaya suka riƙa komawa ga manhajoji irin su WinGate, waɗanda ke aikin wakili: ko wace kwamfuta ta gida ta kai buƙatarta wurin wakili, shi ya fita ya karɓo ya kawo mata.

Akawuna za su fi kowa saurin gane yadda ake raba hanya guda tsakanin mutane da yawa, don aikinsu ne tun tuni. Ofis guda akwatin gidan waya ɗaya gare shi, ko da ma'aikatansa hamsin ne. Ko wace wasiƙa za ta fita, akawu ya rubuta a rajista wanda ya aika da ita da lambarta, sa'an nan ta tafi da adireshin ofis. In amsa ta zo, ya duba rajista, ya ba masinja ya kai wa mai ita. Mutumin waje bai san sunayen ma'aikata ba, ofis kaɗai ya sani. To, haka rauta take. Tana ba ko wace waya ta gida lambar cikin gida, galibi mai farawa da 192.168, wadda ba ta da amfani a waje, ita kuwa ta fita da adireshi guda a madadin kowa, tana riƙe da rajistarta. A riƙe wannan, don zan komo kansa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Intanet ba ta aiko da kaya dunƙule guda. Yanka shi ake yi ƙunshi ƙunshi, ko wane ƙunshi kamar harafi 1,500. Mai aikowa kuwa ba ya ci gaba da turowa sai yana ganin rasit na abin da ya riga ya tura, kamar dillalin da ba ya ƙara maka buhu sai ka sa hannu a kan na farko. Rasit ɗin ƙarami ne, kamar harafi 40, kuma bisa al'ada ana mayar da guda bayan ko wane ƙunshi biyu. To, mu yi lissafi. Hanyar da ke fitar da harafi 4,200 a sakan, rasit 105 za ta iya fitarwa. Ko wane rasit yana buɗe wa harafi 3,000 ƙofa. Ka ga ke nan abin da zai shigo ba zai wuce harafi 315,000 a sakan ba, watau kamar megabit biyu da rabi, kome faɗin wayar talabijin. Wannan ma in ba kowa a hanyar komawa sai rasit. In wani a gidan ya ce zai aika da hoto guda irin na wayoyin yanzu, mai nauyin mega 3, hoton nan zai tare hanyar tarho har kusan minti 12, rasit ɗin kowa ya bi layi a bayansa. Masu aikowa daga waje su ji shiru, su rage turowa, waɗansu su tsaya. Mai karanta jarida a ɗaya ɗakin ya ga shafi ya ƙi buɗewa, ya hau zagin kamfani, alhali kuwa kogin a cike yake, magudana ce ta toshe.

Wani zai ce, ina ruwanmu da kayan Amurkawa da su kansu suka jefar tun da daɗewa? Gaskiya ne, kamfanonin sun gyara wayoyinsu sun zama masu fuska biyu, modem mai hanya ɗaya ya mutu. Mu nan kuwa wayar talabijin irin tasu ba ta taɓa ratsa unguwanninmu ba, farantin satalayit muka sani. Ko tarhon da za a mayar da amsa ta cikinsa ma ba mu da shi, don kafin 2001 layukan tarho masu aiki a Nijeriya duka ba su kai rabin miliyan ba. Sai a Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin wayar hannu, ko wane guda a kan dala miliyan 285, a Agustan shekarar aka fara kira. Mu ta iska intanet ta zo mana, daga ƙarfen sabis zuwa aljihu.

Amma fa na'urar ce ta mutu, halinta yana nan tare da mu, sai dai bai kai na dā tsanani ba. Ku dubi ladan. Yana da lasifika bisa hasumiya, in ya yi kira unguwa duka ta ji. Kai da ke cikin ɗakinka kana amsawa, shi yana jinka? Ƙarfen sabis haka yake. Yana da tsawo, yana da manyan eriyoyi, yana magana da ƙarfin wat gomomi. Wayarka ko rautarka kuwa, a tsarin 4G, ƙarfin muryarta bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na wat guda ba. Alamar sabis da kake gani a fuskar waya, yadda kake jin ladan take nuna maka, ba ta gaya maka ko shi yana jinka. Shi ya sa mutumin da ke gefen gari, ko ƙauyukan fadama, zai iya kallon bidiyo lafiya, amma ya kasa aika takarda guda. Bayan wannan kuma, su kamfanoni da kansu sukan ba hanyar zuwa kaso mafi girma, don sun ga masu kallo sun fi masu aikawa yawa. Sa'an nan ɗan abin da ya rage ba na gidanka kaɗai ba ne, duk wanda ke ƙarƙashin ƙarfen nan yana da rabo a ciki.

Wanda ke so ya ga wannan da idonsa, ya tsaya bakin Matan Fada ranar kamun kifi. Bikin nan tun 1934 ake yinsa, shekarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara, a 2016 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya. Da aka yi na Maris 2020, bayan shekaru da yawa ba a yi ba, ina wurin. Da masunta suka auka ruwa da homa da gora, sai ka ga hannuwa dubbai sun tashi sama, ko wane da waya, kowa yana so danginsa na nesa su gani a lokacin. Rana ce da Argungu ke aikawa fiye da yadda take karɓa. Nawa hoton sai da na komo gida bayan magariba ya tafi.

To, malam, abin da nake zato ke damun gidanku ke nan, kuma gwada shi ba wuya. Akwai shafukan gwajin sauri, sukan nuna lamba biyu, ta farko ta saukewa, ta biyu ta aikawa. Mutane ta farko suke kallo su yi murna. Kai ta biyun za ka duba. Gwada da asuba sa'ad da kowa ke barci, ka rubuta. Gwada bayan isha'i, ka rubuta. Sa'an nan a daren ka roƙi kowa ya kashe waifai ɗinsa na minti biyar, ka sake gwadawa. In lamba ta biyu ta tashi bayan an kashe, ciwon a cikin gida yake. In ba ta tashi ba, amma da asuba tana da kyau, ƙarfen unguwarku ne ya cika, sai ka sake lokacin aikinka, ko ku gwada layin wani kamfani. In ko da asuba ma ba ta da kirki, to, muryar rautarku ce ba ta kaiwa, sai a sake mata wuri.

Maganar wuri kuwa mutane sun raina ta. Na shiga gidaje na tarar an ajiye rauta a ƙasa bayan akwati, cikin ɗakin maigida, an kulle, wai don kada yara su taɓa. Katangar ƙasa mai kauri tana shanye sigina, rufin kwano yana mayar da ita, ruwa ma yana cinye ta, don haka kusa da randa ba wurinta ba ne. A ɗaga ta sama, kusa da tagar da ke duban ƙarfen sabis, a inuwa, don zafin bazara irin na nan, wanda kan wuce digiri 40, yana gajiyar da ita. In tana da hanyar 2.4 da ta 5, ta 2.4 ta fi ratsa bango, ta 5 ta fi sauri amma sai a kusa. Wanda aikinsa ya fi nauyi, in rautar tana da bakin sa waya, ya haɗa kwamfutarsa da waya, ya huta da rigimar bango.

Masu cin hanyar komawa kuwa, waɗansu a fili suke, kamar mai aika bidiyo da mai kiran da ake ganin juna, da samarin da ke haska kansu kai tsaye a Facebook ko TikTok. Waɗannan ana iya yi musu magana. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne ɓarawon da ba shi da niyya. Wayoyi da yawa an saita su a kan cewa in sun ga waifai to ruwan kogi ne, ba mai biya. Da zarar mai ita ya shigo gida, ko tana cikin aljihu, sai ta hau kwashe hotuna da bidiyon da ya ɗauka yini guda tana kai su ma'ajiyar kamfani, kamar Google Photos, tana kuma sauko da sababbin gyare-gyaren manhajoji. Mai wayar zai rantse maka bai taɓa ta ba, kuma gaskiya ya faɗa. Maganinsa a shiga saitin ko wace waya ta Android a gaya mata wannan waifai na awo ne, ana biyansa. Kwamfuta mai Windows ma tana da irin wannan saiti. A WhatsApp kuma a hana bidiyo saukowa da kansa. Ni da na bi wayoyin gidanmu ɗaya bayan ɗaya na yi haka, datar da ke ƙarewa kafin wata ya yi nisa sai ga ta tana kaiwa ƙarshensa.

Sauran kuma ba aikin na'ura ba ne, aikin maigida ne. Mu mutanen kwarin Rima ba baƙi ba ne ga rabon abu guda. Manoman rani a fadama, in mutum uku ko huɗu suka yi tarayya a injin ban ruwa, ba sa buɗe wa kowa ruwa a lokaci ɗaya, don sun san ba gonar da za ta ƙoshi. Bi da bi ake yi, wanda shukarsa ta fi jin ƙishi a fara da shi, kuɗin mai kuma mai babbar gona ya fi biya. Ban ga abin da zai hana ku zauna ku ukun ku yi haka ba. Ko wace waya ta Android tana nuna yawan abin da ta sha ta waifai, kowa ya kawo tasa a duba, kada a yi ta zargi a duhu. In ya bayyana ɗaki guda ne ke shan rabi, ba adalci ba ne a ce a raba kuɗi uku daidai. Mu a gidanmu mun yanke cewa daga isha'i zuwa ƙarfe goma ba mai aika bidiyo, lokacin masu karatu da masu aiki ne. Mata sun yi gunaguni mako guda, don lokacin ne suke hira da danginsu, sai aka ce saƙon murya da rubutu ba laifi. Ranar da wani ke da wa'adi kuwa, ko na makaranta ko na neman aiki, ya faɗa tun da safe, in lokaci ya yi a tsinke kowa.

Yanzu in komo kan rajistar akawu da na ce a riƙe. Tun da mutumin waje ofis kaɗai yake gani, duk abin da aka aikata ta rautarka da sunan layinka ya fita. Tun Disamban 2020 gwamnati ta ba da umarni a haɗa ko wane layi da lambar NIN ta mai shi, ga kuma dokar laifuffukan intanet ta 2015. In wani baƙo, ko yaron da ka ba lamba don kunya, ya damfari mutum ko ya ci mutuncin wani ta hanyarka, masu bincike ƙofarka za su fara ƙwanƙwasawa, sa'an nan kai ka yi ta bayani. Sabo da haka lambar sirri ba goro ba ce. Kuma lambobin biyu ne, mutane ɗaya suka sani. Akwai ta shiga waifai, akwai ta shiga shafin sarrafa rautar kanta, wadda galibi an buga ta a ƙarƙashin na'urar tare da adireshin shafin, da yawa kuwa ba su taɓa sauya ta ba tun daga shago. Wanda ya shiga shafin nan shi ne maigida, ko da shekarunsa sha biyu. A sauya su duka biyu. In rautar tana da hanyar baƙi, a buɗe ta ranar biki ko suna, a rufe in an watse. In ba ta da ita, a sake lamba bayan baƙi sun tafi. A wannan shafin ne kuma za ka ga jerin duk wanda ke kai, ka ƙirga, ka gane naka. Ina roƙonka, malam, ka duba nan tukuna kafin ka buɗe baki a kan ɗan maƙwabci.

Amma kada a ce na wanke masu shan na mutane ba izini, don akwai su. Na ji wani saurayi yana cewa ai iska ce, ta shigo ɗakinsa da kanta. Iska ce, amma wani ya biya. Malamanmu sun fi ni sanin hukuncin wannan, zan so ɗayansu ya rubuto wa shafin nan a kai.

Ya Edita, ka bar ni in ƙara da kira ga kamfanoni da hukumar NCC. A Janairun 2025 an yarda a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100, mun biya. Talla kuwa kullum yawan giga take faɗa, wani lokaci da saurin saukewa, ni dai ban taɓa cin karo da wadda ta gaya wa mai saye saurin aikawa da zai samu a garinsa ba. A dā wannan ba kome, sa'ad da mu 'yan kallo ne kawai. Yanzu malami yana ɗora maki, ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie yana ɗora takardun rajista, mai neman shiga jami'a yana ɗora sakamako, ɗan kasuwa yana aika wa mai saye a Legas hoton shinkafarsa, ma'aikacin asibiti yana aika rahoto Birnin Kebbi. Duk waɗannan ta 'yar magudanar nan suke bi, su ne kuma masu wa'adi a kansu. Ya kamata a rubuta lambar nan ta biyu a jikin talla kamar yadda ake rubuta nauyin buhu, mai saye ya san abin da ya saya.

Malamin Birnin Kebbi kuwa, in ka yi gwajin nan uku, ka aiko mini da lambobin da ka samu, da irin rautarku, da wurin da kuka ajiye ta, da yawan wayoyin da ka tarar a jeri, in duba in gaya maka ko akwai sauran abin yi. Ka gaishe mini da ƙannenka.

Haza wasalam.

Wakilinka na Argungu.